Kekena ya shiga Maijirgi ba tare da ni ba

Zuwa ga Shugaban kwamitin tseren keke na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, da fatan kai da iyali da abokan aikinka kuna lafiya, an kuma huta gajiyar tseren kwana biyar da aka kammala. Sunana Laminu, ɗan Maijirgi, shekarata talatin da biyar, ba ni da gona ba ni da shago, feda ce sana'ata. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro. Shi ya sa na rubuto a fili, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lis ɗin ƴan tsere shida da za a tura babbar gasa ya fito. Sunan Habu ɗan garin Sarkin Hausa, abokin ƙungiyata wanda ya ci tseren, shi ne a sama. Nawa babu. A takardar sakamako kuma, gaban sunana an rubuta cewa na janye. Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: ƙyashin Habu nake yi. Ina jin sunansa a rediyo sai in kashe ta. Amma mai ƙyashi ma yana da gaskiyarsa, ga tawa.

Na ɗaya. Ranar farko, Laraba, a hanyar Mayahi, yashi ya kwanta kan kwalta, mu huɗu muka zube. Na bar fatar gwiwata a wurin, na tashi na hau. Habu bai faɗi ba, domin yana bayana, ni nake tare masa iska. Ga wanda bai san aikin ba: na gaba shi ke shan iska, na baya yana lafe yana ajiye ƙarfinsa. Mai horar da mu ya ce bana Habu za a yi wa aiki, yaro ne ɗan shekara ashirin da biyu, ƙafarsa sabuwa. Na ce to.

Na biyu. Ranar Alhamis, da gwiwa a naɗe, ni na fara taka layin ƙarshe. Duba takardunku, yana ciki. Ranar Juma'a kuwa jiki ya gaya mini shekaruna, cinyoyi suka ɗaure, na iso can baya ina ganin jiri. Duk da haka sau uku ina komawa motar ƙungiya in cika riga da gorunan ruwa in kai wa Habu. Bai taɓa waiwayowa ba, hannu kawai yake miƙowa.

Na uku, kuma nan maganar take. Ranar Asabar tsere ya tashi daga Tasawa zai ratsa ta Maijirgi. Ka san al'adarmu fiye da ni: in za a bi ta garin ɗan tsere, sauran sukan buɗe masa hanya ya wuce gaba shi kaɗai, ya tsaya ya gaida mutanensa, sannan ya jira taron ƴan tsere su ci gaba tare. Ba a rubuta ta a doka ba, amma ba a taɓa karya ta ba. Shekara goma sha huɗu ina wannan sana'a, tsere bai taɓa bi ta ƙofar gidanmu ba sai bana. Da safe na bi ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya na nemi izini, kowa ya ce Allah ya kai mu. Maigari ya sa an share bakin hanya. Ɗanjimma makaɗi ya ɗaure ganga zai buga taken mahaifina, wanda ba a buga ba tun rasuwarsa. Aka kafa wa Inna, mahaifiyata, kujera a inuwar bishiyar bedi dab da hanya, da yake idonta ya yi rauni.

Saura kamar kilomita shida, sarƙar Habu ta tsinke. Motarmu na can baya, garken shanu ya tsare ta. Habu a lokacin shi ne na biyu a jimilla. Ban jira an ce mini ba, na sauka na miƙa masa kekena, har na tura shi da hannuna. Wannan aikina ne, ban yi nadamarsa ba. Abin da ya biyo baya nake kawo ƙara.

Kekena ba ya ɓuya. Sirdinsa jar fata ce da badukun garinmu ya ɗinka, akwai jan tuntu a kansa, ga lambata a jiki. Rigarmu iri ɗaya, hular kwano da baƙin tabarau sun rufe fuska, ƙura ta ƙarasa sauran. Da Habu ya kamo sauran ƴan tsere, suka ga jan tuntu, suka ɗauka ni ne, suka dare masa hanya, wasu har da bubbuga masa baya. Ya san sarai wa aka buɗe wa. Ya shige gaba shi kaɗai, ya shiga Maijirgi, aka buga masa taken ubana, mata suka rangaɗa guɗa, Inna ta miƙe tsaye. Maigari ya fito tsakiyar rana da ƙwaryar fura a hannu. Habu ya sunkuyar da kai ya wuce shi kamar an harba kibiya. Sauran ƴan tsere suna tafe a hankali, suna jiran su same ni ina gaisawa. Kafin su gane, ya ba su ratar da har ranar Lahadi ba a cike ta ba. Da ratar nan ya ci tsere.

Na huɗu. Ni kuwa ina tsaye bakin hanya da keke marar sarƙa. Motarmu ta zo ta wuce ni a guje, tana bin Habu. Mai horarwa ya ɗago mini hannu, har yau ban san ko gaisuwa ba ce ko ban haƙuri. Ta ƙarshe da ta zo ita ce motar da ke kwashe waɗanda suka gaza, wadda duk wanda ya shiga ta ya fita daga tsere. A cikinta na ratsa garinmu, kwance a ƙasan kujera, na rufe fuska da riga don kada a gan ni. Ina jin ganga tana ta bugawa. Wannan shi ne abin da sakatarenka ya kira janyewa.

Na biyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Habu ya tafi da kofi, ni aka bar ni da laifinsa. A Maijirgi yau maganar ita ce Laminu ya samu duniya, ya wuce maigari da ƙwarya a hannu ko kallo. Dattawan da suka yi mini suna, in na gaishe su da ka suke amsawa. Inna kaɗai ke kare ni. Ta ce ɗanta sauri yake, ta gan shi da idonta yana gaban kowa, har waina ta sa aka soya aka raba sadaka. Mako uku ke nan ina zama gabanta in buɗe baki in rufe.

An ce mini in yi shiru, hassada ga mai rabo taki ce. Na ji. Habu gwani ne, yabon gwani kuwa ya zama dole, ko da yana ɗaci. Amma shi yana da shekara goma a gabansa, ni wannan ce tafiyata ta ƙarshe, gwiwata ta riga ta sanar da ni.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙo. A goge kalmar nan ta janyewa, a rubuta abin da ya faru. A sake duba lis, a auna ni da ranar Alhamis da kuma kekena da na bayar. Sannan a sa Habu ya zo Maijirgi, ya cire hula da tabarau gaban maigari, mutane su ga fuskar da ta wuce su. Ba na neman kofinsa, ko da yake ba zan yi maka ƙarya in ce ba na kallonsa ba.

In duk ba za su yiwu ba, ka aiko mini da amsa a fili. Zan durƙusa gaban Inna da kaina in gaya mata cewa ɗan wata ta yi wa guɗa.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka zuri'a. Allah kada ya nuna maka ranar da za a buga taken gidanku, kana kwance kana ji, wani yana amsawa.

Naka mai biyayya,
Laminu, ɗan tseren keke, Maijirgi.

Wassalam.