Tafin Hannuna da Goshin Jikata

Litinin, 3 ga Maris

Sallama irin ta mai neman iso, ya kundina, aminin da ba ya katse wa mutum magana. Ina gaishe ka gwargwadon farin shafukanka, ina kuma neman afuwa bisa kutsowar da na yi maka bayan doguwar ƙaura, da rubutu mai kama da sawun kaji. Ba raini ba ne. Alƙalami ne yake sulalewa daga yatsuna ban ji ba, sai dai in gan shi a ƙasa.

Albishir na kawo. 'Yata ta koma aiki, don haka kullum da safe za ta riƙa kawo mana jikata. Yarinyar ta fara rarrafe. Na ce mata, “Amarya, kin zo ƙwace gida ke nan?” Ta damƙi gemuna ta ja.

Laraba, 5 ga Maris

Na wanke hannu da ruwan sanyi, yatsu suka yi fari fat kamar alli. Likita ya daɗe da gaya mini dalili: shekarun da na yi rungume da injin fasa kwalta, jijjigarsa ta cinye jijiyoyin. Injin ya yi shiru tuntuni, hannuna ne bai samu labari ba.

A zamaninmu cire safar hannu muke yi, domin da tafi ake jin abin da ke ƙarƙashin titi, dutse ne ko bututu. Idan an yi shakka ni ake nema: “A kira Mai Tafi.” Wayyo wannan suna.

Tafina da ke jin sirrin ƙasa,
Yau siliki da buhu duk ɗaya gare shi.

'Yata ba ta sani ba. Ban ga amfanin ta sani ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Da ƙyar nake rubuta wannan. Maiɗakina ta tafi kasuwa ta bar mini yarinyar. Ta yi ta ƙananan koke-koke, ta ƙi madara. Na ɗora tafina a goshinta, na jira, ban ji komai ba, na yanke hukuncin haƙori ne. Ma'aunin zafi yana cikin aljihun tebur. Ko tuna shi ban yi ba. Mai Tafi ne fa ya duba.

Da maiɗakina ta dawo ta ɗauke ta, sai fuskarta ta sauya.

“Malam, yarinyar nan ai wuta ce.”

Na ce na taɓa ta, lafiya lau take. Ba ta yi musu ba. Ta kama hannuna ta manna shi a jikin butar shayin da na sauke yanzu-yanzu, tana kallon idona. Sai da ta janye shi da kanta.

Muka nufi asibiti.

Lahadi, 9 ga Maris

An sallame ta, godiya ta tabbata ga Allah. A bakin ƙofa 'yata ta ce, “Baba, yini guda tana zazzaɓi a gabanka. Kana can kana tsara baitoci ko?” Na gwammace ta ɗauke ni mai sakaci da ta ɗauke ni abin tausayi. Ta goya 'yarta ta tafi.

Talata, 11 ga Maris

Ba a kawo ta ba. Tabarmar wasanta tana nan a shimfiɗe, na hana a naɗe.

Laraba, 19 ga Maris

Na haɗu da Dogo a layin karɓar magani, wanda muka yi karɓa-karɓar inji ɗaya da shi. Muka yi musabaha, muka daɗe a haka, har ya ce, “Mutumina, ka sake ni ne ko kana riƙe? Duba mana.” Muka yi dariya har aka juyo ana kallonmu.

Na ba shi labari. Ya ce shi da kunci yake duba jikokinsa, ruwan wanka kuma da gwiwar hannu. “Kai har yanzu taƙamar tafi kake yi? Tafin ya yi ritaya kafin mu.” Ya ce in gaya wa 'yata gaskiya. Na ce masa kowa da tsarin gidansa.

A hanyar dawowa na ga wata mata da goyo, ƙafar jaririn tana lilo. Na bi su da ido har suka sha kwana.

Alhamis, 27 ga Maris

Kwanakin nan ina kai kofin shayi kuncina kafin in sha. Gwaji ne kawai, kada ka ɗauke shi wani abu.

Na kuma rubuta wa 'yata 'yar takarda, mahaifiyarta za ta kai mata gobe. Ba roƙo ba ne, bayani ne; na dai ambaci yatsun da butar shayin, tunda zancen ya biyo ta nan. Babu baiti ko ɗaya a ciki, na soke su duka. Ga yadda na rufe ta:

“Idan kin ga ya dace ki dawo da ita, ma'aunin zafi yana kan tebur yanzu, ba a cikin aljihu ba. Ki daure ki ba ni amsa da gaggawa, kuma a rubuce, 'yata, kada ki kira a waya. Kunnen ma injin bai bar mini shi duka ba.”