Mataccen Kifin da Ke Jikin Kwalba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Daidaita Alamomin Gargaɗi na Magunguna Masu Guba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ka koma gida lafiya, ka kuma tarar da iyali lafiya. Wushe da aiki, kamar yadda muke gaisuwa a nan.

Sunana Falmata. Ina zaune a unguwar Gwange a Maiduguri, ina sayar da bandar kifi a kasuwar Baga Road tun ina goyon ɗana na fari, wanda yau shi ma magidanci ne. Ni ce matar nan mai koriyar laffaya da ta zauna a layin gaba a taronku na ranar Talata, wadda ta fashe da dariya ana tsakiyar bayani har ka dube ta ta saman tabarau. Ka yi haƙuri, Yallaɓai, ba raini ba ne, kuma zan faɗi dalili. In ka ga Hausar ta karkace a wani wuri, Babarbariya ce ke riƙe da biro.

Ƙorafi na kawo, amma cikin murna nake rubuta shi. Jiya yayata Yagana ta dawo kasuwa da ƙafarta, ta zauna a kan bencinta, ta yi wa wani dillali faɗa a kan tarwaɗar da ya kawo da ɗanyenta. Da na ji muryarta ta tashi sai na kama dariya ina share hawaye, mata suka yi ta guɗa har masu lodi suka tsaya kallo. Sannan ga shi na gano ashe akwai manyan mutane masu ilimi da aikinsu ke nan, su zauna su yi tunani a kan hoton da ke jikin kwalba. Da ni kaɗai na ɗauka abin ya dama.

Na ɗaya, abin da ya sami Yagana. Ba zan ɓoye maka ba, ƙwaro shi ne abokin gabar mai bandar kifi. Ka rufe kwali cike da tarwaɗa, ka buɗe bayan 'yan kwanaki ka tarar da ƙaya da fata. Saboda haka wasunmu suna yayyafa magani, ko da yake an sha hana mu. Mu biyu ba mu taɓa yi ba sai a wannan karo. Yagana ta ga ƙwaro ya shiga kaya, ta je wurin Malam Bukar mai sayar da maganin ƙwari a bakin titi. Ya miƙo mata wata kwalba da ta shigo ta kan iyaka, rubutunta duk Faransanci. A gabanta an zana kifi kwance ya ba da cikinsa sama, kusa da wata busasshiyar bishiya. Ya ce mata, “Hajiya, wannan na kifi ne, ga ma hotonsa.” Ta duba ta ga kifi matacce, irin wanda ta yi shekaru tana sayarwa, ga kuma itacen da ake banda shi. Me za ta tambaya kuma?

Bayan azahar ta shiga sito ta ja ƙofa don kada iska ta kwashe maganin, ta yi ta yayyafawa da hannu. Ni ina waje ina ciniki. Da na ga ta daɗe na leƙa, na same ta a ƙasa tsakanin kwalaye, gumi ya jiƙe ta, miyau na zuba, numfashi sama-sama. Da ƙyar muka sa ta a keke napep.

Na biyu, abin da ya faru a asibiti. Likita ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Tambayarsa ta farko ita ce wane magani ne. Na ba shi kwalbar, ya juya ta ya sake juyawa, ba ya jin Faransanci. Na aika a karɓo irinta wurin Malam Bukar, aka kawo guda biyu da ya ce duk abu ɗaya ne. Ɗaya da Turanci, da ratsin rawaya a gindi, da ƙoƙon kan mutum ɗan mitsitsi a baya. Ɗayar kuwa robar ruwan sha ce da aka ɗura fiya-fiya a ciki, ko harafi babu. Sai da ya bi ƙananan rubutu da yatsa kafin ya ga suna guda a jikin biyun farko, sannan ya san abin da zai ba ta. Duk lokacin nan ina tsaye riƙe da takalmanta.

Yallaɓai, guba ɗaya ce, riga uku. Wadda ta faɗa hannunmu ita ce mai hoton sana'armu.

Kwali shida ta yayyafa wa. Mun haƙa rami mun binne su duka. Wani ya ba ni shawara in shanya su a rana in tura Kudu, wai wari zai fita. Na ce masa mutanen Kudun ma uwa ce ta haife su.

Na uku, Malam Bukar. Da Yagana ta fara farfaɗowa na ɗaura ɗamara na tafi rumfarsa da niyyar in tara masa jama'a. Kafin in buɗe baki ya durƙusa yana salati. Ya ce shi ma haka wanda yake saro kaya a wurinsa ya gaya masa, kuma da maganin nan yake fesa ɗakin da iyalinsa ke kwana a Galtimari. Na zo da faɗa, na koma ina ba shi haƙuri. Don Allah kada kowa ya karanta wasiƙar nan ya je ya kama shi. In aka kama shi gobe wani zai shimfiɗa tabarma a wurin da kwalaben nan dai.

Na huɗu, taronku. Shugabannin kasuwa ne suka ce in je a madadin mata, tunda abin a gidanmu ya faru. Ban taɓa shiga irin wannan ɗaki ba. Sanyi kamar cikin randa, an rubuta sunana a kati an rataya mini a wuya, an kira ni mai ruwa da tsaki. Katin yana nan a bangon rumfata, duk wanda ya zo sayen kifi sai na nuna masa. Na sha shayi sau biyu, na ci wani abu mai nama a ciki da har yau ban san sunansa ba.

Sai wata malamar jami'a ta haska hotuna tara a bango, kowanne cikin jan akwati da aka tsayar a kan kusurwarsa, ta ce su ake so duniya duka ta yi amfani da su. Tana bi ɗaya bayan ɗaya, sai ga kifinmu. Ta ce ma'anarsa, wannan abu yana kashe halittun ruwa, kada a bari ya shiga kogi. Nan dariyar ta ƙwace mini. Wata biyu ina jinya, ashe kifin nan gargaɗi yake yi mana, mu kuma muka ɗauka talla ce.

Na ɗaga hannu, aka ce in jira lokacin tambayoyi. Mutanen aikin gona suka ce su da ratsin launi suka saba, ja da rawaya da shuɗi da kore. Mutanen lafiya suka ce jan akwati ya fi. Masu kula da kan iyaka suka ce a fara gaya musu wanda za su tsare da wanda za su sake. Aka shiga batun wa zai sa hannu a farko. Ni dai hannuna na sama, kwalabe ukun na cikin jaka a ƙulle a leda. Aka kira azahar, aka ce lokaci ya ƙure, aka ɗauki hoto. A hoton ma za ka gan ni, ni ce mai washe baki a gefen dama. Wannan shi ne ƙorafina: kun kira ni, kun karrama ni, amma ba ku ji ni ba, alhali a ɗakin nan kaf ni kaɗai ce hoton ya kusa yi wa rashi.

Na biyar, abin da na yi da takardar hotunan da kuka raba. Washegari na kai ta kasuwa, na tara mata a inuwar rumfa, na rufe rubutun da hannu ina tambayar kowace me ta gani. Yallaɓai, da kana nan da ka yi dariya har hularka ta faɗi. Mutumin nan mai tauraro a ƙirji, suka ce maganin tari ne. Hannun da ruwa ke ɗiga a kansa, suka ce na wanke hannu ne. Wuta a kan zobe, wata ta ce man girki. Tukunyar gas kuwa an yi musu sosai a kanta, tsakanin masu cewa taɓarya da masu cewa rogo. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa kaɗai kowa ta gane ba gardama. Muna cikin shewa sai wata tsohuwa mai suna Ya Kaka ta ce tana da kwalba mai tauraro a ƙirji a gida, kuma tana ta tunanin ba mijinta cokali ɗaya saboda tarinsa. Da kaina na raka ta gida muka ɗauko.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Ku daidaita a tsakaninku da wuri, ko ratsi ko akwati, ku zaɓi ɗaya. Mu ba mu da zaɓi a ciki, so muke abin da ya fito daga Legas da wanda ya shigo ta Chadi ko Kamaru ko Nijar su yi mana magana iri guda. Ku zauna da takwarorinku na can, tunda kwalba ba ta san kan iyaka ba.

Duk abin da zai iya kashe mutum, a sa masa ƙoƙon kai babba a gaba, ba a baya ba. A ƙarƙashinsa a rubuta “guba” da Hausa da Kanuri, da boko da ajami, domin da yawa daga cikinmu ajami suke karantawa. A ƙara da cewa ba a sa shi a abinci.

A yi wani abu a kan masu ɗura magani a robar ruwa. A ba su takardar mannawa, a koya musu, sannan a hana wanda ya ƙi.

A nuna mana abin da za mu kare kifinmu da shi wanda ba zai cuci mai ci ba. Hani kaɗai bai taɓa korar ƙwaro ba.

Sannan kafin ku buga komai, ku zo Baga Road da hotunanku. Zan share rumfa, in shimfiɗa sabuwar tabarma, in tara muku mata da dillalai da Malam Bukar, wanda yanzu ya manna takardarku a teburinsa yana yi wa masu saye bayani. Ku zo kafin damina ta sauka. Da danshi ƙwaro ke yin ƙarfi, kuma a lokacin ne kowa ke neman kwalba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya haɗa kan kwamitinka, ya sa aikin nan ya zama sanadin tsirar mutanen da ba za su taɓa sanin sunanka ba. Allah ya kare zuriyarka daga abin da ba su sani ba.

Na karanta wa Yagana wasiƙar nan daga farko har ƙarshe. Ba ta iya rubutu ba, kuma maganar kirki har yanzu tana sa ta haki in ta yi tsawo. Ta karɓi biron, ta goga tawada a babban yatsanta, ta dangwala a ƙasan sunana. Ta ce in gaya maka mu biyu ne muka ɗaga hannu.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Falmata, mai bandar kifi,
Kasuwar Baga Road, Maiduguri.