Zaren da ka auna wuyana

Da sunan Allah nake farawa. Daga Ƙofar Rini a birnin Sakkwato, zuwa ga maigidana, wanda bakina ke jin nauyin kiran sunansa, zuciyata kuwa ba ta gajiya da kiransa. Ya ruwan farko bayan doguwar bazara, ya inuwar tsamiyar gidanmu, ya hasken idona! Gaisuwa mai yawa, da ban gajiyar hanya.

Labari ya iso mana cewa ayarinku na Gwanja ya sauka Yawuri da kayan goro. Gida ya kaure da guɗa, ni kuwa na shige ɗaki na sha kuka. Ba don ban yi marmarinka ba, wallahi! Damina uku kunnena na bakin zaure. Sai don akwai abin da na ɓoye maka, kuma gara ka ji daga gare ni kafin idonka ya gane maka.

Ka tuna safiyar tafiyarku? Jakuna na jira a ƙofar gida, madugu na ta aike, kai kuwa ka tsaya ka tsinki zare daga mazarina, ka zagaya wuyana da shi, ka ƙulla, ka ce murjanin da za ka kawo mini sai ya zauna daidai wannan awo. Na ce da kai falken kirki ba ya ɓata safiya wajen wuyan mace. Ka yi dariya, ka sa zaren cikin alabenka na ajiyar kuɗi.

Wancan wuya babu shi yanzu. Maƙoƙo ya fito mini bayan tafiyarka, ya zo da kasalar da ban san sunanta ba. Malam Bawa mai magani ya ba ni jiƙon saiwoyi da jar kanwa, Babana kuma ya yi mini rubutun sha. Shekarar farko na ji dama-dama, har na koma kaɗi. Yanzu kuwa ina sha ne kawai don kada a ce ban sha ba. Malam Bawa da bakinsa ya ce iyakar saninsa ke nan.

Ka san zafin garin nan. To, a tsakiyar bazara, mutane na rububin inuwa, matarka na zaune cikin rana lulluɓe da gwado tana rawar ɗari. Makitsiya ta rasa abin kamawa a kaina. Muryar da kake cewa tana tashe ka kafin ladan ta dushe. Jikina ya yi nauyi, ba da ci ba. Sai in shiga madafa da ludayi a hannu, in tsaya, in rasa abin da ya kawo ni.

Ciwon ba ya fid da jini, ba ya kwantar da mutum, don haka masu dubiya sun gaji sun ɗauke ƙafa. Innarka ta ce son jiki ne, ban kuwa ga laifinta ba. Wa zai yarda da mai jin sanyi a bazara? Wa zan faɗa wa, in ba kai ba? Gidan cike da mutane, amma ni kaɗai ce a ciki, kuma kaɗaicin ya fi ciwon ci mini rai.

Ga sabon zare na naɗe cikin wagga takarda. Da kaina na auna. Ka ɗora shi kan na alabenka, za ka ga ya ɗara da yatsa huɗu. Don Allah, ya sanyin zuciyata, ka yi mamakinka a can, ka yi shi a hanya har ya ƙare. Na jure kallon kowa, amma in ka ɗaga labulena ka dube ni ka kau da kai, wannan kam ba zan iya ba.

Murjanin kuma kada ka ƙaro ko ƙwaya. Kawo shi yadda ka saya. Zan ƙara masa zare da hannuna, in mai da ƙullin baya inda mayafi ke rufewa.

Taka, a wancan awo da wannan, har ranar da za a auna mini likkafani,

Atika