Motar Hafsatu da Aka Fasa Ƙerawa

Daren Talata, watan Rajab, unguwar Abu Hail

Da sunan Allah. Yau kamfanin da 'yata Hafsatu take yi wa aiki ya sanar cewa an fasa ƙera motar da take zanawa. Guda ɗaya tak aka yi, ƙaramar jif ta gwaji, aka nuna ta a baje koli, yanzu an lulluɓe ta a sito. Shekara uku Hafsatu tana zanen cikin motar. Ita ta sa ɗan famfon alwala a bayanta, domin ta sha ganina tsugune da buta a bakin titi.

Bayan Magariba Alhaji Sabi'u mai harkar jigilar kaya ya tare ni a ƙofar masallaci yana dariya. "Malam, yaushe za mu ɗana motar 'yar taka? Tun farko na ce ka ba ni ita ta riƙe mini ofis, shi ke nan."

Na ce, "Alhaji, na rubuta allo na wanke ya fi sau dubu, ban taɓa jin karatu ya bi ruwan ba."

Da na koma gida na tarar ta rubuta takardar barin aiki, tana jiran izinina, idanunta jajir. Zuciyata ta karaya, amma ban nuna ba. Ni na tsaya mata ranar da dangi suka ce wannan ba sana'ar mace ba ce, kuma ban yi nadama ba.

Na ce, "Uwata, ban amince ba. Su suka fasa, ba ke ba."

Takardar tana ƙarƙashin matashina. Gobe da kaina zan raka ta tashar bas ta tafi aiki.