Wa Ya Yi wa Baba Rajista?

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon bayan nan naka, ya sake ka? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Umma tana gaishe ku.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa maimakon kiran waya. Kwanan nan duk inda na ɗaga waya sai in ga wani ya rage tafiya yana gyara takalmi.

Ka san sabuwar dokar lafiyar nan da gwamnati ta kawo: kowa ya yi rajista ya karɓi kati, a duba shi a babban asibiti, ƙananan asibitoci irin namu na unguwa kuma su shiga ƙarƙashin hukuma, ta riƙa ba su magani da ma'aikata, tana duba takardunsu. Kwamitin asibitinmu zai kaɗa ƙuri'a ƙarshen wata, a shiga ko kada a shiga. Unguwa ta rabu biyu, har mai shayin bakin ƙofarmu ya ware benci biyu.

Baba, a matsayinsa na shugaban kwamiti, shi ne kan gaba wajen cewa a'a. Yana cewa shekara ashirin da biyu ke nan da mutanen unguwa suka gina wurin nan da hannunsu, kuma duba mara lafiya ibada ce, ranar da aka miƙa ta ga ofis kowa zai ce ba ruwansa, zukata su bushe. Yana cewa wanda ya ba ka magani da doka yau, gobe da doka zai hana ka, kuma da zarar an shiga, 'yan jam'iyya za a turo mana su zauna a kujeru. Na'ibin liman, wanda Baba ne ya koyar da shi karatu, shi ke jan ɗaya ɓangaren. Shi kuma cewa yake shugaba makiyayi ne, za a tambaye shi a kan kowane mara lafiya, kuma taimakon unguwa bai taɓa iya wanke wa kowa ƙoda ba. Asibitin cocin da ke tsallaken titi su ma haka suke fama. Faston yana bayan Baba, babbar nas ɗinsu tana bayan Na'ibi. Da za ka ga yadda Baba da Fasto ke gaisawa yanzu, sai ka ce uwa ɗaya ta haife su.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Litinin da safe na zo buɗe ɗakin katin marasa lafiya inda nake aiki, sai na tarar an manna takardu a ƙofar asibiti, da jikin tankin ruwa, har da bangon masallaci. Hoton katin gwamnati ne, da sunan Baba da hotonsa ɓaro-ɓaro. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: “Yana hana ku, shi ya karɓa.”

Baba ya zo ya ɓare ɗaya, ya daɗe yana kallo, ya ninke ya sa a aljihu, ya koma gida. Mutane suka ce sharri aka yi masa, wani ne ya kai takardunsa aka yi rajistar a ɓoye don a kunyata shi. Ina tsaye, Sakataren kwamiti ya tambaya a fili, wa ke riƙe da fayil-fayil na asibitin nan? Sai duk idanu suka dawo kan makullin da ke hannuna.

Yaya, wallahi ban yi ba. Ka ba ni shawara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, yara kuma sun gama jarrabawa lafiya. Amsarka ta iso, na gode.

Sun karɓe makullin. Sakatare ya ce hutu ne kawai har a gama bincike, amma ya ƙirga fayil-fayil a gabana kamar mai karɓar kayan sata. Shekara tara ina ɗakin nan ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Laifina shi ne wata rana na ce a gaban ma'aikata dokar tana da amfani, don ni nake rubuta takardar tura marasa lafiya babban asibiti, ni kuma nake ganin waɗanda ba sa zuwa saboda ba hali. Yanzu ana cewa 'yar Malam ce ta sayar da ubanta. Matar da na raka ɗakin haihuwa sau biyu ta gan ni a kasuwa ta juya tana taya kwando.

Ni ma na zama mai zargi, har ina jin kunyar kaina. Na fara da Kansila, don shi ke yawo da lasifika yana tallar dokar, kuma zaɓe ya kusa. Sai na koma kan Sakatare, wanda kowa ya san ya daɗe yana hangen kujerar Baba. Na zargi Na'ibi, duk da ya hau mumbari ya la'anci wanda ya manna takardun. Na ce a raina ai wanda ya yi ma haka zai ce. Kai, har baban yara ban bari ba. Ka san garejinsu ne ke gyara motocin hukumar lafiya. Shekaranjiya yana wanka na lalube aljihun kayan aikinsa. Ban sami komai ba sai ƙusoshi da alewar yara. Da ya fito ya ga hannuna da baƙin mai, ya kalle ni, ya miƙo mini sabulu. Da ma zagina ya yi.

Abin da ya fi damuna gidanmu ne. Na je na durƙusa gaban Baba na rantse masa. Bai kalle ni ba, ya ce, “Na sani, Auta, je ki.” In ya sani, me ya hana shi faɗa a gaban kwamiti? Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Umma kuma duk lokacin da na ɗauko zancen sai ta tuna ta bar wani abu a kan wuta.

Akwai kuma hular da ke kan Baba a hoton. Na san hulunansa duka, ni nake kai su wanki. Wannan ban san ta ba. Hoton da ke fayil ɗinsa na asibitinmu tsoho ne, gemunsa ma bai yi fari ba a ciki.

Sannan kai ma, Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na rubuto maka shafi uku, ka amsa da layi huɗu: in yi haƙuri, in bar maganar, kada in je ko'ina bincike. Kai da ka taɓa zuwa har makaranta ka tayar da ƙura don an ce na saci biro? Ba ka ko tambayi wa nake zargi ba. Me ya sa?

Ka gaishe da Anti.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ban bi shawararka ba.

Jiya na je ofishin rajista da ɗaya daga cikin takardun nan da aka manna a jakata. Na yi layi awa biyu. Matar da ke tagar farko ta ɗauka rigima na zo yi, amma da na gaya mata aikina ya tafi saboda wannan kati, sai ta cire tabarau ta saurare ni. Ta ce babu wanda ake yi wa rajista a bayan idonsa, dole mutum ya zo da kansa ya ɗora babban yatsa a kan na'ura, a ɗauki hotonsa a wurin. Ta nuna mini lambobin da ke ƙasan katin. Ta farko ta reshen da aka yi rajistar ce, ta biyu kwanan wata.

Reshen na garinku ne, Yaya. Kwanan watan kuma ya faɗo cikin makon nan da Baba ya ce ya yi kewar jikokinsa, ya tafi wurinku ya kwana biyar.

Daga can gida na wuce. Na sami Baba a ɗakinsa bayan la'asar, littafi a buɗe a gabansa amma ba karatu yake ba. Na ajiye takardar a kan littafin, na ce, “Baba, yatsan wa aka ɗora?”

Ya ture littafin gefe. Sannan ya gaya mini komai: yadda numfashi ke gagararsa in ya hau matakalar masallaci, yadda ka kai shi wurin likitan zuciya, yadda likitan ya ce jijiya ta toshe, sai an yi masa aikin tiyata, kuma aikin ya fi ƙarfinmu ko da mun haɗa duk abin da muka mallaka. Ya ce kai ka matsa masa, ka saya masa hula a hanya don tasa ta jiƙe da gumi, ka riƙe hannunsa har gaban na'urar. Ya sa ka da Umma kuka yi masa alkawarin rufe baki.

Na ce masa, to ni fa? Kwana goma sha bakwai ana nuna ni da baki.

Ya ce, “Kullum da safe nakan ce yau zan faɗa. In na fita na ga mutanen da suka yarda da maganata, sai harshena ya yi nauyi. Tsoro na ji, Auta. Na farko tsoron mutuwa, na biyu tsoron mutane.”

Ban taɓa jin Baba ya ce ya ji tsoron wani abu ba. Na so in yi fushi sosai, sai na lura da yadda yake hutawa a tsakiyar magana yana neman iska, na ga ƙafafunsa sun kumbura har silifas ya yi musu shaida. Ni da nake aiki a asibiti, wata nawa ina kallonsa ban gani ba? Na fita tsakar gida na yi kukana, Umma ta zo ta zauna kusa da ni ita ma tana yi.

Ban ce masa ya tona kansa ba. Na ce kawai taron kwamiti ranar Asabar ne, kuma zan je in zauna a baya.

Kai kuwa, na gode da ka kai shi likita. Sauran maganar sai mun haɗu.

Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti da yara. Wasiƙarka ta ban-haƙuri ta zo, na karanta sau biyu. Wannan karon ka cika shafi.

An yi taron a ɗakin jiran marasa lafiya, mutane har bakin taga. Sakatare ya miƙe zai karanta rahoton bincike a kaina, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya zauna. Ya tashi yana dafa tebur, ya ciro katin daga aljihu ya ɗaga sama. Ya ce nasa ne, da ƙafarsa ya je, da yatsansa ya dangwala, 'yarsa ba ta san komai ba, kuma ya zalunce ta da shirunsa, yana neman gafararta a gaban kowa. Ya faɗi ciwonsa. Wani daga baya ya yi ihu ya ce munafunci. Baba ya ce, “Ka faɗi abin da na faɗa wa kaina kafin kai.”

Na zaci daga nan zai ce a shiga tsarin. Ina! Ya ce har gobe yana nan a kan ra'ayinsa, yana tsoron ranar da unguwa za ta daina ɗaukar marasa lafiyarta a matsayin nata. Sai dai ba zai ƙara ce wa kowa kada ya karɓi kati ba, tunda shi da ya ji wuya ya karɓa. Na'ibi ya tashi ya ce duk abin da ya sani a wurin wannan bawan Allah ya koya, yau ma ya ƙara karatu, amma zai kaɗa ƙuri'arsa a shiga. Aka kaɗa, shida suka ce a shiga, biyar suka ce a'a, Baba na cikin biyar ɗin. An sa sharaɗin cewa kwamitin unguwa ne zai ci gaba da zaɓen ma'aikata. Ko hukuma za ta mutunta wannan, Allah ne masani; ni dai ban saki jiki ba. Baba ya ajiye shugabanci a take.

Na koma aiki ranar Litinin. Sakatare ya ce ai shi dama bai taɓa zargina ba.

Har yanzu ba a san wanda ya manna takardun ba. Baba ya ce a aljihun teburinsa na ofis ya ɓoye katin, a ƙarƙashin hatimi. Mutum uku ne ke shiga ofishin nan ban da shi: Sakatare, da Na'ibi, da mai ba da magani, wanda ƙanin matar Kansila ne. Kullum da safe dukansu suna gaishe ni da fara'a, ina amsawa da fara'a, ina kallon hannuwansu.

An sa ranar aikin zuciyar Baba, Talata ta sama, ƙarfe takwas na safe. Jiya na raka shi babban asibiti gwajin jini. Muna kan benci, lambarmu ta arba'in da bakwai, sai ga shi ya juya yana yi wa mutumin da ke kusa da shi bayanin illolin dokar, har mutum biyar suka taru suna gardama da shi. Da aka kira lambarsa ya ce musu kada su tashi, yanzu zai fito su ƙarasa.

Likita ya ce ana buƙatar mutum biyu su ba da jini, kuma babban ɗa ya sa hannu a takarda. Baban yara ya riga ya ba da nasa. Saura kai. Ka taho ranar Lahadi, kuma a gidana za ka sauka, ba wurin Umma ba, don ba zan bari ta tare maka faɗa ba. Na gyara maka ɗaki. Za ka ci abinci ka ƙoshi tukuna, sannan ka zauna ka ji abin da ke bakina.

Allah ya kawo ka lafiya, ya tashi kafaɗar Baba.

Ƙanwarka,
Auta