Wa Zai Karɓa Min Amshi?

Zuwa ga ƙanena, marigayi Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina da ƙorafi a kanka, kuma mutuwarka ba ta kashe shi ba. Maƙwabcina Yohana tela ke rubuta min a waya, na ce kada ya gyara min ko kalma ɗaya.

Ka tuna waƙata ta rusau, wadda na yi da aka ture mana rumfuna a Karmo? Kai mai boko ka rubuta ta, ka kai taron marubuta. Ka cire amshin, wai maimaici ne, cin takarda yake. Ka kife kai kana karantawa kamar mai sanarwar cigiya, aka tafa maka. Ni ina can baya, ban gane waƙata ba. Da na yi magana ka ce, "Yaya, nan ba tasha ba ce." Shekara da shekaru maganar nan na ci na.

To, watan jiya na je taron marubutan da ƙafata, wani zaure a Utako. Mai gabatarwa ta tambayi takardata, na nuna mata ƙirjina. Na rera baitin farko, na jefa musu amshi: "Ƙasa ta Allah ce, ina za mu?" Na tsaya ina jira su karɓa. Sani, sai suka shiga kaɗa min yatsu, ƙas-ƙas, kamar masu kiran mai shayi. Wai yabo ne. Na sake jefawa, suka sake kaɗawa. Ban kai rabi ba aka kashe lasifika, wai lokacina ya cika. Na ce a kashe, na ci gaba da maƙogwarona, har ya shaƙe.

Ya shaƙe fa. Tari ke yanke ni yanzu. Abin da ka manta kenan: amshi nan ne mai waƙa ke numfashi. Kana ƙarami kai ke karɓa min a gona, da 'yar muryarka kamar ta ɗan tsako, kana kuskure ina rankwashinka. Tun da ka girma ban sami wanda ya kai ka ba. Ban taɓa gaya maka ba, kuma da kana nan ma ba zan gaya maka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, har da amshin.

Asabar zan koma, kuma ba zan kai takarda ba. Waƙar nan a kaina kawai take cikakkiya. In ban kai ƙarshenta a gaban mutane ba, tare za a binne mu. Kai ba ka da bakin amsawa. Amma ku masu leƙen wasiƙar nan kuna da shi. Layi ɗaya ne. A cikinku wa zai buɗe baki? Ku amsa min.

Yayanka,
Mamman mai gyaran takalmi, Karmo