Muryata a Bakin Wata

Zuwa ga Mai Girma Daraktan ƙungiyarmu ta wasannin waƙa, Dogon Dutsi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ni ce Rabi ta Dumega, wadda ta shekara goma sha tara tana fitowa a matsayin uwar maharbi a wasanmu. Sau uku ina hawa kabu-kabu zuwa ofishinka, sau uku ana ce mini kana taro. Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya karanta.

Na ɗaya. Kai ka kawo mana wasan nan da Turawa ke kira opera, wanda komai rerawa ake yi, har gaisuwa. Ban musa ba. Amma ni na ɗauke shi a maƙogwarona. Ranar da muka yi wasa a garin Kore Mairuwa ba mu da lasifika, duk da haka na can bayan fage sun ji kowace kalma. Na bar yaji, na bar ruwan sanyi. Ƙanena Sani ya daina taka gidana don malaminsa ya ce waƙa haramun ce, na haɗiye.

Na biyu. Bara waccan, bayan girbin hatsi, ka ce an gayyace mu Turai. Ka kai ni Yamai, na kwana huɗu ana ɗaukar muryata, wai don 'yan amshi su riƙa bita da ita. Ka karɓi hotunana na fasfo. Ni kuwa, wauta, har sabon zane na ɗinka.

Na uku. A kasuwa, a bakin mai albasa na ji kun tashi. Daga baya aka nuna mini a waya: wata mata da ban taɓa gani ba, da mayafina na wasa, tana motsa baki, muryata na fita. Har inda nake jan numfashi kafin kukan uwa yana nan. Sunanta aka rubuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ita ban ga laifinta ba, aiki aka ba ta. Kai ka ci amanata, kuma wallahi ya yi mini ciwo. An ce ka ce na tsufa, ban dace da fitilun can ba. Uwar maharbi fa! Da budurwa kake so ta haifi ƙato mai gemu?

Na huɗu, wanda ba ka sani ba don ba ka tambaya ba. A damanar nan likita ya yi mini aiki a wuya. Na tashi, alhamdulillahi, amma murya ta tafi, ko awakina ba na iya kira. Abin da ke hannunka shi kaɗai ya rage.

Ba jirgi nake roƙo ba, ya riga ya tashi. Ka sa sunana a kan waƙoƙin nan, ka shiga rediyo ka faɗi da bakinka muryar wa ce, ka kuma aiko mini da kwafi. Jikata Nana, 'yar shekara shida, ta sheƙo da wayar uwarta wai in zo in ji wata mata da ta iya waƙa. Na ce mata ni ce, ta yi dariya. Na buɗe baki in nuna mata, iska kawai ta fito.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka zuciyar faɗin gaskiya tun ina da kunnen ji.

Wassalam,
Rabi, Dumega.